Aka Ce Kunyar Ɗan Fari Ce

'Yata ta fari ta dawo gida goyon ciki da faɗuwar damina, daga Yalwan Damai inda take aure. Mu muna ƙauyenmu a ƙasar Gwaram. Ta sauka lafiya, namiji, aka yi suna, aka ci aka sha, dangin mijinta suka koma. Sai aka bar mu da wankan jego, ni da yayar maigidana wadda yara suke kira Goggo. Ita ce mai wankan, ni kuma ni ce mai hura wuta da neman itacen da bai jiƙe ba, wanda a damina aiki ne mai zaman kansa.

Gara in faɗi yadda muke da yarinyar tun yanzu. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ba na zaman hira da ita, ban taɓa yi mata kitso ba, in muna cikin mutane ba na nuna na san da zamanta. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na taso na ga ana yi wa ɗan fari, kuma ban ga aibun abin ba. Har gobe in na ji yarinya tana rangaɗa wa ɗanta na fari kira a tsakar gida, ni nake jin kunyar a madadinta. In ina neman tawa sai in ce "ke", ko in aiki ƙanwarta. Ta san ina son ta, ni ma na san ta sani.

Ranar suna mata suka yi ta yabon ta. An kawo jaririn an ajiye a gefenta, ta kau da kai. An ce ta ba shi nono, sai da aka yi da gaske, ta ba shi tana kallon bango. Goggo ta fi kowa baki.

"Kun ga 'yar gidan mutunci," in ji ta. "Ko inda yake ba ta kalla. 'Yan matan yanzu kuwa tun a gadon asibiti suke ɗaukar hoto da jariri a waya."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na sunkuyar da kai ina kwashe tuwo kamar ba da ni ake ba.

Sai dai ni na yi wannan kunyar, na san cikinta. Mai kunyar ɗan fari ɓarauniya ce. Da ɗaki ya watse take wawuro ɗanta, ta sunsuni kansa, ta buɗe masa 'yan yatsu tana dubawa, in ta ji takun mutum ta dire shi da sauri ta juya baya. Haka na yi da ita a ɗakin uwata. Saboda haka wata safiya bayan suna, da na ji yaron yana ta tsala kuka Goggo kuma ta zagaya, sai na leƙa ta yagewar labule don in kama ta tana satar kallo, in samu abin murmushi ni kaɗai. Tana zaune a bakin gado, yaron a gefenta yana ta harba ƙafa. Nono ya jiƙa mata gaban riga. Ba kowa a ɗakin, ba wanda za ta ji wa kunya, amma ba ta juya ba. Na daɗe a tsaye ina jira ta juya, har ƙafata ta yi sanyi.

Daga ranar na sa mata ido. Kunun kanwa yadda aka kai shi haka ake fito da shi, ya yi fata a sama. Naman ƙaurin da mijinta ya aiko, ƙannenta ne suka cinye. Idanunta sun faɗa, na san ba ta barci. Ruwan da Goggo take fyaɗa mata da ganyen darbejiya, ni da nake nesa tururinsa yake dukana, amma ita ko motsi. Goggo ta ce jarumta ce, ta gado dangin ubanta.

Na samu Goggo a gindin murhu na ce, "Yaya, yarinyar nan fa ba daidai take ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da kike uwa, me ya kai idonki kanta? Ko taki kunyar ce ta fara zubewa da girma ya zo?"

Goggo ba muguwa ba ce, ta yi wa mata da yawa wanka sun tashi garau, amma in ta yanke magana ko ɗan'uwanta ba ya ɗagawa. Na gaya wa Malam, maigidana. Ya ce jego yakan zo da haka, ya ɗauko allo ya yi mata rubutu. Na wanke na ba ƙanwarta ta kai mata. Ta sha, don ba ta musu da kowa. Da ma ta yi musun, da na ji sauƙi.

Abin da ya sa na daina jiran kowa ya faru ne da hantsi. Lokacin noma ne, gidan ya watse, maza da yara duk suna gona, Goggo ta leƙa gidanta ba wa awaki dusa. Ni kuma na shiga maƙwabta aron rariya. Ban daɗe ba, don yayyafi ya fara. Ina shigowa na ga jaririn kwance a kan tabarma a tsakar gida, ruwa yana sauka a fuskarsa. Ita kuma tana bakin rijiya. Ta janye murfin, ta dafa bakin da hannu biyu tana kallon ciki. Babu guga a hannunta, kuma mai jego ba ta jan ruwa.

Ban yi ihu ba, na ji tsoron in firgita ta. Na ce, "Ke." Ba ta ji ba. Na taka a hankali har na isa bayanta, na kama gefen zaninta na nannaɗe a hannuna, na ce, "Zo ki ɗauke min wannan rariyar." Abin da ya zo bakina ke nan. Ta juyo ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci, ta karɓi rariyar, ta bi ni. Na ɗauki yaron na goge masa fuska da mayafina. Da na sa su a ɗaki na dawo na mayar da murfin, na mirgino turmi na ɗora a kai. Sai a lokacin na zauna a ƙasa cikin ruwan.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ina da dalili. Shekarun baya an yi wata 'yar ƙanwar babana da ta rikice bayan haihuwa. Aka kai ta asibitin sha-ka-tafi na garinmu, ma'aikacin da yake wurin a lokacin ya ce wannan ba aikinsu ba ne, doka ba ta ba su ba, sai likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Mijinta ya ji nisa, ya ji kuma sunan da za a sa wa gidansa, sai ya kai ta wurin wani mai magani a bayan gari. Na je duba ta sau ɗaya. Na same ta da mari a ƙafa, an ɗaure ta a jikin gungume, an raba ta da jaririyarta. Na san in na ce 'yata ta tsaya a bakin rijiya, kafin la'asar an fara maganar iska, kafin Juma'a wani ya kawo sunan mai magani. Tsoron rijiyar da tsoron marin suka haɗu suka hana ni cin abinci.

Na zama inuwarta ba tare da na yi mata magana ba. Na dawo da tsintar shinkafa da yankan kuɓewa ƙofar ɗakinta. In za ta zagaya sai in ga ni ma ina da abin yi a wajen. Wuƙaƙen gidan na tattara na zuba a buhun gero, har Goggo ta yi ta faɗa wai gida ya zama na aljanu, wuƙa tana ɓata da rana tsaka. Abu ɗaya ne na kasa, in zauna a gabanta in ce me yake damun ki. Na gwada. Na shiga da kwanon kunu, na ajiye, na buɗe baki, sai na ji na ce, "A sha da zafi." Na fito ina jin haushin kaina da na duk wanda ya koya min.

Ranar allurar rigakafi ta zo. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, saboda haka ni na goya jikana, bayan na zaunar da ƙanwarta a ɗakin na ce ko gobara aka yi kada ta tashi. Malamar asibitinmu nas ce, ba yarinya ba, ta daɗe a wurin tana awon ciki da karɓar haihuwa. Ita ta karɓi wannan ma. Ta yi masa allura, ta ɗora shi a sikeli, ta ɗan yamutsa fuska.

"Inna, ina uwarsa? Tana cin abinci?"

"Tana taɓawa."

"Barci fa? Tana yawan kuka, ko ta yi shiru ta ƙi magana?"

Na haihu na kai 'ya'ya wurin nan ban taɓa jin an tambayi barcin uwa ba. Raina ya ɓaci, don ta taɓa inda yake min ciwo, ga mata a kan benci sun baza kunne. Na ce, "Malama, yaro na kawo miki." Ta ce in biyo ta ɗakin awo ta ba ni maganin shawara, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita ta tsaya tana kallona. Ban san lokacin da na fara ba. Na gaya mata labule, na gaya mata rijiya. Da na gama na ce, "Na san ba aikinku ba ne. Ki rufa min asiri kawai."

Ta ce, "Da ba aikinmu ba ne. Yanzu an buɗe. An kai mu kwas, an ba mu izinin mu duba irin wannan, mu fara magani in ya kama, akwai likita a Birnin Kudu da muke aiki a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ƙarfina in tura masa." Ni ban san doka ba, ban san wa ya buɗe ta ba, abin da ta faɗa min ke nan. Ta ce za ta zo gida bayan la'asar.

Ta zo da hijabinta na gida da sabulu a leda, kamar mai zuwa barka. Goggo ta yi ta sa mata albarka. Ta ce tana so ta duba mai jego su biyu, aka ba su ɗaki. Ni na ɗauki faranti na zauna ƙarƙashin taga ina tsige zogale, kuma ba zan ce ban kasa kunne ba. Ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa ba amsa. Can sai na ji ta ce, da muryar da ake tambayar mutum ko ya ci abinci, "Kin taɓa jin gara ki mutu? Kin yi tunanin kashe kanki?"

Na miƙe tsaye, zogalen ya zube. Niyyata in faɗa ɗakin in fitar da ita. Wace irin magana ce wannan a gidan Musulmi, ga yarinya ɗanyar jego? In ba ta da tunanin ai yanzu an sa mata. Hannuna yana kan labule na ji muryar 'yata, wadda na kwana biyu ban ji ba.

"E," ta ce. "Kullum."

Sai kuka. Ba irin na mai ciwo ba, irin na yaron da ya ɓata a kasuwa aka gano shi. Tana yi tana magana, ta ce ita ba uwa ba ce, ba ta jin komai in ta dube shi, ta ce yaron zai fi samun gata in ba ta, ta ce kowa yana yabon ta ita kuwa ta san abin da take. Na koma na durƙusa ina tsince zogale daga ƙasa ɗaya-ɗaya, ba na ganin abin da nake tsinta.

Da Malamar ta fito ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ciwo ne, ciwon damuwa da yake kama wasu mata bayan haihuwa, ba iska ba ce, ba kuma rashin imani ba. Ta kira likitan a gabana ta yi masa bayani, ya yi mata tambayoyi, suka tsayar da magani. Ta ce ƙwayar ba ta aiki nan take, sai an yi makonni, kuma kafin nan kada a bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Maganin ma a hannuna zai zauna, ni zan riƙa ba ta. Na tambaye ta rubutun Malam. Ta ce a ci gaba, addu'a ba ta hana magani. A daren na gaya wa Malam komai. Ya ce Allah ya sa a dace.

Malamar ta riƙa zuwa, wani lokaci da rana in ta tashi aiki. Ban ga wani canji ba, sai dai yarinyar takan ɗan kurɓi kunu in Malamar tana zaune. Ina cikin wannan zullumin mijinta ya zo ranar Juma'a a kan babur. Malamin makaranta ne, mai hankali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni da shi sai gaisuwa daga bayan labule, yana tsugune. A zaure suka zauna da Malam, kuma Malam ya ga bai dace a ɓoye wa miji ba. Bayan wani lokaci Malam ya shigo ya miƙo min hannu.

"Kawo maganin nan."

"Na me?"

"Ya ce a dakata. Ya ce matar nan mai awon ciki ce, ba likita ba. Maganin ƙwaƙwalwa ba kowa doka ta yarda ya ba da shi ba, in aka yi kuskure sai ya taɓa mutum har abada, ga shi tana shayarwa. Zai kai ta Birnin Kudu da kansa in ranar ganin likitan ta zagayo."

"Yaushe ke nan?"

"Wani makon."

Na ce, "Malam, wani makon da nisa." Ya ce matar surukin ce, shi yake da iko da ita, kuma ba mugun abu ya faɗa ba. Gaskiya ne, ba mugun abu ya faɗa ba. Yana tsoro ne kamar yadda nake tsoro, sai dai shi bai ga abin da na gani ba. Na kwance bakin zanina na ba shi ƙwayoyin.

Washegari da sassafe na isa asibiti tun ba a gama shara ba. Na ɗauka Malamar za ta tashi ta je ta wanke shi tas. Sai na ga ta zauna ta yi tagumi.

"Inna, ni ma tsoro nake ji," ta ce. "Izinin sabo ne, mutane ba su san da shi ba. Har wasu ma'aikata 'yan'uwana suna ce min in kiyayi kaina, ranar da wani abu ya faru ni za a kama. Ba zan ba ta magani a ɓoye da mijinta ba. Ku je wurin likitan, ni ma na fi son ya gan ta da idonsa. Zan kira shi ya san da zuwanku. Kafin nan zan riƙa zuwa muna magana, wannan ba wanda ya hana."

Na fito ina jin haushinta. Na so a ce ta fi haka ƙarfi. A hanya na tuna ita ma 'yar wani ce, da 'ya'yanta a gida.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Na ɗauke tabarmata na mayar ƙofar ɗakin yarinyar, Goggo tana ta habaici wai an ga uwar da ta fi kaza son 'ya'ya. Ko sallah zan yi sai na tsayar da wani a wurina, kuma ina yi kunnena yana ɗakin. Wata rana da azahar na idar na ga gadon ba kowa. Na zagaye gidan ba takalmi, na duba turmin yana nan a kan murfi, na leƙa bayan rumbu, na fita har ƙofar gida. Ashe tana ɗakin Goggo a kwance, fuskarta a bango. Na tsaya a kanta ina haki, ban ce mata komai ba.

Ranar ta zo, aka kwana ana ruwa. Goggo ta ce ba a taɓa fitar da mai jego kafin arba'in ba, sanyi zai shige ta. Malam ya ce a wannan karon za a taɓa. Muka shiga mota, ni da jariri a baya, ita a gefena cikin hijabi, mijinta a gaba. A babban asibitin muka tarar da layi har waje, wasu daga Wurno, wasu daga Kangire, wasu daga inda ban taɓa ji ba. Na ga wani saurayi an riƙe shi mutum biyu, na ga idon 'yata a kansa, na ji ta matso jikina. Sai bayan azahar aka kira mu.

Likitan namiji ne, da ganin sa ya gaji. Ya tambaye ta me yake damun ta. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, shiru. Mijinta ya ce, "Likita, kunya gare ta, haihuwar fari ce." Na ji kamar in kurma ihu. Ga mu mun keto ruwa mun zo, za a sake cewa kunya ce a sallame mu. Amma likitan ya ce mu fita a bar ta da wata nas. Da aka dawo da mu ya ce ko a haka ba ta ce komai ba sai ɗaga kai, kuma bai yi mamaki ba, ba ta san su ba. Ya ce abin da ya sani game da ita daga bakin Malamarmu ya ji shi.

Mijin ya gyara zama ya ce, cikin ladabi, "To ai ita nas ce, likita. Doka ta yarda ta ba da irin wannan maganin?"

"Wadda aka horar, ta yarda," in ji shi. "Tare muka tsayar da shi, kuma ba ya hana shayarwa. Ka ga layin da ke waje. Ba zan iya ganin matarka kowane mako ba, ita za ta iya, kuma da ita take magana. A mayar mata da maganin yau. In abu ya canza za ta kira ni."

A mota surukina ya ciro ƙwayoyin daga aljihun gaban rigarsa, ashe tare da su yake yawo, ya miƙo baya ba tare da ya juyo ba. Na karɓa. Ban ji na yi nasara a kan kowa ba, lissafin kwanakin da aka rasa kawai nake yi.

Sauƙin ya zo a hankali, har ban san ranar da zan ce ya fara ba. Ta soma cin tuwo. Ta yi barcin rana har da munshari, na hana yara motsi. Wata safiya ta ce wa Goggo ruwan ya yi zafi a surka, Goggo ta ce lalaci ya fara, ni kuwa na shiga madafa na yi hamdala. Tana ɗaukar yaron in ya yi kuka, ba da ɗoki ba, amma tana ɗauka. Wasu ranakun kuma sai ta koma jiya, ta zauna ta yi zuru. Malamar ta ce haka yake tafiya, a ci gaba da sa ido, kada a yi gaggawar cewa ta warke.

Sai ga arba'in. Dangin miji suka aiko cewa suna jiran amarya da ango, an yi wa ɗakinta sabon daɓe. Na je na tambayi Malamar ko akwai irinta a can. Ta ce ta bincika, ma'aikacin asibitin da yake kusa da su namiji ne, kuma ba a kai ga tura shi kwas ɗin ba, saboda haka ba shi da izini. Sai dai a riƙa kawo ta nan duk wata, tsakani kuma su yi waya. Na roƙi Malam a ƙara mata kwanaki. Ya aika, aka ce an gama shiri, kuma mutane za su fara tambayar dalili. Mijin bai gaya wa kowa a gidansu ba, ko mahaifiyarsa. Ya ce zai kula da ita da kansa. Na san zai yi iya yinsa, na kuma san da safe makaranta yake tafiya, sauran gidan su tafi gona.

Ranar komawa aka yi mata kitso da lalle, aka ɗaure garar da za a tafi da ita, buhun gero da man gyaɗa da yaji da daddawa. Goggo da ƙannen Malam mata su ne 'yan rakiya. Uwa ba ta rakiya, ba ta ma fitowa ƙofar gida, balle ta taka gidan suruki. Ina madafa ina tuƙa tuwon 'yan gona ta shigo yi min sallama, yaron a bayanta. Ta durƙusa. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a yi haƙuri, a riƙa shan magani, idona a kan tukunya. Ba ta tashi ba.

"Inna," ta ce, a hankali yadda na waje ba za su ji ba. "Har yanzu tunanin nan yana zuwar min. Ba kamar da ba, amma yana zuwa, in gida ya yi shiru. Kada ki bari a bar ni ni kaɗai da shi."

Direba yana ta danna ham a waje. Na sauke tukunyar, na kira ƙanwarta na ba ta muciya. Na ɗauki mayafin da ke rataye a ƙofa, ko hannu ban wanke ba. A zaure Malam ya dube ni, ya dubi mayafin, ya matsa ya ba ni hanya. Goggo tana gidan gaba a mota ta leƙo.

"Ina kuma za ki? Gidan surukin? Me za a ce da mu a garin mutane?"

Na ce, "Yaya, matsa min." Ba ta matsa ba, sai na shiga baya na zauna a kan buhun gero. Har muka wuce Birnin Kudu ba wanda ya yi min magana. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, tsoro kuma ya fi kunyar.

Da muka isa Yalwan Damai mata suka fito da guɗa. Mahaifiyar mijin, dattijuwa mai fara'a, tana bin 'yan rakiya ɗaya bayan ɗaya da sannu da zuwa, har ta iso kaina. Ta tsaya, guɗar ma ta tsaya. Ta dubi busasshen tuwon da ke hannuna.

"Ikon Allah, ke da kanki? Lafiya dai ko?"

Duk tsakar gidan ana jira in ce lafiya lau.

Na ce, "Ba lafiya ba, Hajiya. A shimfiɗa min tabarma a ɗakinta, in an watse zan yi miki bayani."